Rigar Ƙungiyar Su Sabo

Muna teburin mai shayi a Jakara, shekarar da soja suka miƙa mulki, sai rediyo ya ce ƙungiyar su Sabo ta kori kocinta. Sabo aminina ne tun ƙuruciya, ƙwallo kaɗai ke raba mu.

Na miƙe tsaye. Na ce 'yan jarida ne suka daɗe suna rufa wa mutumin asiri. Duk ranar da aka ci shi sai ya ce yaransa sun ji rauni, kamar asibitin ƙashi aka ba shi.

"Malam, zauna, shayinka zai huce," in ji Sabo.

Ban zauna ba. Na ce, "Ranar da wannan ya ci kofi, zan sa rigarku in taka daga nan har Ƙofar Kabuga." Mai shayi ya ce kowa ya shaida.

Sati bai zagayo ba ƙungiyarmu ta ɗauke shi, kuma a wannan kakar ya ciyo mana kofi. Na yi ihu har muryata ta dishe. Ina isowa majalisa na tarar da Sabo, riga a ninke kan cinyarsa.

"Barka, Malam. Da safe za ka fita, ko sai la'asar?"

Shekaru na yi ina ja masa rai. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Har yau in na zauna, sai mai shayi ya tambaye ni ko Kabuga ta matso. Rigar tana akwatina, ban taka ba tukuna.