Wuƙata da Zariyar Wandona

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren abokina Sabo a wani ƙauye da ke bayan Auyo ba. Ko na so in manta ma, mutanen ƙauyen ba za su bar ni ba. Amma kafin mu je can, bari in gabatar muku da mai laifin, wato wuƙata.

'Yar wuƙar aljihu ce mai naɗewa, ƙanin babana direban babbar mota ya kawo min ita tsaraba daga kudu. Ƙotarta baƙin katako ce mai santsi, an ɗaure ta da farin ƙarfe sama da ƙasa, ga ɗan maƙali a gefe don a soke ta a bakin aljihu. Da yatsa ɗaya ake buɗe ta, sai ka ji ta ce ƙas. Wallahi wannan ƙarar kaɗai ta isa ta sa ni sonta. A majalisarmu ta Haɗeja, ko lemo aka sayo ba na bari a ɓare da hannu, sai na zaro ta na yi ƙas ɗin nan kowa ya waiwayo.

Aibinta ɗaya ne (to, a gaskiya biyu ne, don ƙotar tana zame wa jiƙaƙƙen hannu, amma wannan ba ya cikin labarinmu). Abin da ke riƙe ta a naɗe sako-sako ne, in ta sha jijjiga sai bakinta ya leƙo waje. Sabo ya sha gaya min wata rana za ta ba ni kunya. Na ce masa hassada ce kawai ke cinsa, ai ingarman doki ma yana harbi.

To, ni ba zuwan rakiya kawai na yi ba. Akwai Bintu, ƙanwar amarya, wadda muka daɗe muna fahimtar juna. Babansu Malam Gambo masunci ne, mutum mai tsare gida, kuma bai taɓa sa ni a ido ba. Bintu ta gaya min ranar zai duba ni, in na kwanta masa a rai sannan zai yarda in turo magabatana. Shi ya sa Sabo ya damƙa min rabon goro, don in zagaya gaban dattawa a ga natsuwata.

Na sa sabuwar shadda fara, an buge ta tana sheƙi. Na jefa wuƙar a aljihu sai na ga ta janye rigar gefe guda, ta ɓata min tsayuwa. Barin ta a gida kuwa bai ko zo min a rai ba. Sai na maƙala ta a ƙugun wando, daidai kan zariya. Daga nan muka hau babur, muka bi hanyar fadama tsakanin gonakin shinkafa, hanyar da rami ke miƙa ka ga rami. Muka tsallake ruwa a kwale-kwale, muka sake hawa babur. Duk jijjigar nan, baiwar Allah tana can tana aikinta a ɓoye.

An ɗaura aure a ƙofar gida, an shafa fatiha. Na miƙe, na ɗauki ƙaton tire shaƙe da goro da dabino da hannu biyu, na nufi tabarmar dattawa ina tafiya irin ta mutumin kirki. Ina isa gaban Malam Gambo na ji wata iska mai sanyi ta ratsa inda iska ba ta saba ratsawa ba. Wandona ya sulale, ya sauka kan takalmina a hankali, kamar wanda ya gaji da tafiya. Wuƙar ta biyo shi ta faɗi a ƙasa, baki a buɗe.

Rigar ta rufa min asiri zuwa gwiwa. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa, ƙwaurina ne tsirara, siraran nan da ko a gida ba na son a gani. In na saki tire, goron aure ya watse a ƙasa a gaban surukan Sabo. In na riƙe, ga ni nan yadda nake. Kunya ta kama ni, amma na riƙe tiren. Na durƙusa a haka na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga goro."

Malam Gambo ya ɗauki goro ɗaya, ya saka a aljihu, bai ko yi murmushi ba. Ya ce, "Ɗan nan, kawo tiren in riƙe maka, ka ɗauki wandonka."

Nan dariya ta ɓarke, har liman sai da ya rufe baki da rawani. Wani dattijo ya shiga zaure ya yanko min igiyar tarun kamun kifi na ɗaure ƙugu. Shi kuwa Malam Gambo ya ɗauki wuƙar, ya duba bakin zariyar da ta yanka, ya gwada kaifinta a farce.

"Taka ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Tana da kaifi. Ko zare ɗaya ba ta bari ba, kuma ba ta taɓa fatarka ba. Mai ita ne dai bai san inda ake ajiye ta ba."

Kun san wani abu? Duk da halin da nake ciki, sai da na ji daɗin yabon nan har cikin raina.

Na koma Haɗeja na tabbata maganar Bintu ta mutu. Bayan sati Sabo ya zo min da saƙo. Wai Malam Gambo ya ce yaron da wandonsa ya faɗi bai zubar da goron mutane ba, in aka ba shi amana ba zai yar ba, ya turo iyayensa.

Yau Bintu tana ɗakina, wuƙar kuma tana aljihuna, an naɗe ta da kyauro don kada ta sake leƙowa. Har gobe in na je ƙauyen, yara da manya Mai Zariya suke ce min, ni kuma ina amsawa da ƙarfi. Darasin da na koya shi ne, abin da kake so ba sai ka rabu da shi don aibinsa ba, kai dai kada ka rataye shi kusa da abin da ke riƙe mutuncinka.