Rasuwar Tsoho, Dutsen Niƙan Gidan Hawisa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Hawisa matar marigayi Osbet manomi, ta ƙauyen Wulfam, tana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar dutsen niƙan gidanta, wanda aka fi sani da Tsoho.

Labarin ya same ta ranar wata Talata, mako uku da suka wuce, tana kalar sha'ir a gonar uban ƙasa. Matar maƙeri ce ta zo a guje, kallabi a hannu, ta ce, "Hawisa, yar da kwandon nan! Wakilin uban ƙasa da mutanensa sun tone ɗakinki, sun fito da Tsoho." Kafin ta isa an riga an sa masa guduma. Bugu uku, in ji waɗanda suka gani. A na ukun ya ce ƙwas, ya dare.

Ba wanda ya san shekarun marigayin. Kakar Hawisa ta ce tun kakannin kakanni aka gudo da shi daga bakin teku, shekarar da mutanen arewa masu dogayen jirage suka ƙone garin. Yana nan aka ƙetaro ruwa aka ci ƙasar, masu mulki suka koma magana da wani harshe. Yana nan maza suka ɗinka gicciye a riga suka tafi yaƙin Ƙudus, kaɗan suka dawo. Sunayen sarakunan dai Hawisa ba ta riƙe ba. Ta dai san a shekarun da ruwa ya ruɓar da hatsi ya niƙa wake da ɓawon itace, bai yi ƙorafi ba. Da annoba ta kwashe rabin gari, har da Osbet da 'ya'yanta biyu, muryarsa kaɗai ta rage a ɗakin: gurr, gurr, sai ɗan ƙiii idan ya zo inda gefensa ya lauye.

Jinyarsa ta fara ne ranar da aka yi shela cewa duk hatsin gari sai a injin ruwan uban ƙasa za a niƙa, mai injin ya ɗebi rabonsa. Shekara tara yana kwance a rami ƙarƙashin gado, ana fito da shi lulluɓe da bargo don kada a ji shi. Mata huɗu ne suka san ramin.

Gari ya ɗora laifin tona asirin a kan Idoniya, ɗaya daga cikinsu, domin an gan ta tsaye da wakili a bakin rijiya. Mako uku ke nan ba mai amsa gaisuwarta, a coci ma ba mai tsayawa kusa da ita. To, ba ita ba ce.

Ranar bikin sunan jikar maƙeri, kafin a tone ɗakin, matar mai inji ta dubi burodin da Hawisa ta kawo ta ce, "Ke gwauruwa, wannan ci ake yi ko jifan kare?" Aka yi dariya. Hawisa kuwa ta sha giya kofi biyu. Ta ce, "Tsakuwa ai sai a garin da mijinki ke niƙawa, uwar iyayi. Ci nawa ki ji, bai taɓa ganin ƙofar injinku ba." Matar ta gutsira, ta tauna a hankali, ta yi murmushi. Bakin Hawisa ne ya kashe Tsoho. Ta san haka tun a gona, amma ta bar Idoniya baiwar Allah tana ɗaukar laifin.

Marigayin ya bar mariƙinsa na itace, da rariya ɗaya, da mata huɗu da suka koma layin inji.

Gawa ba a ba ta ba, an shimfiɗe gutsattsarin a ƙofar bargar dawakin uban ƙasa. Saboda haka mariƙin za a binne, ranar Lahadi bayan an tashi coci, ƙarƙashin itacen tuffa na bayan gida. Ba za a raba giya ba. Duk mai zagi a baki ya zo da shi can, ya sauke wa mai shi, wato Hawisa, a ƙyale Idoniya. An ajiye mata wuri a gaba, idan ta yarda ta zo.

Kafin nan, kowace safiya Hawisa takan raba burodinta biyu, ta ajiye rabi a ƙofar Idoniya. Har yau dai kajin gidan ne ke ci.