Yadda Za Ka Mallaki Jirgin Ƙasa a Wudil

Tunda ake ta raɗe-raɗin gwamnati za ta sakar wa 'yan kasuwa jirgin ƙasa, na ga ya dace in taimaka maka. Ni Labaran dillalin shanu na riga kowa gwadawa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin kafin kaka sunanka zai zaga gari.

1. Sayi tarago

Sayar da bijimai huɗu ka tafi gwanjo Kano. Kada ka nemi mai inji, inji shi ke kawo lalacewa. Ɗora shi a tirela a sauke maka kusa da gada ranar kasuwa, kowa ya gani.

2. Kada maganar dogo ta dame ka

Wani zai ce ai layin dogo bai biyo ta Wudil ba. Haladu tela ne ya fara faɗa mini haka. Na ce, "Haladu, da kuɗin fetur ɗin nan akwai abin da ba zai iso ba?" Ya ci gaba da ɗinkinsa.

3. Ƙara kuɗin tikiti

Tun kafin ka sayar da ko ɗaya. Ta haka ake gane kaya ya bar hannun gwamnati. Masu tabarma naira guda, masu zama kan buhu sule biyar.

4. Iya magana da fasinja

Tawa ta farko Iya Hansai ce, wata tsohuwa daga Achika, za ta Kano sunan jikarta da kaji biyu. Ta zauna tun hantsi. Da azahar ta leƙo ta taga.

"Ɗan nan, yaushe za mu tashi?"

"Iya, ana jiran dogo."

"Shi dogon a wace mota zai zo?"

Na fahimtar da ita cewa jirgina bai taɓa kauce hanya ba, bai taɓa take saniyar kowa ba. Ta ce, "Na taɓa shiga na gwamnati. Ya yi kwana biyu a hanya, amma ka ga ya kai ni."

5. San lokacin sauka

Da la'asar ta fara share hawaye da mayafi. Gobe da safe za a raɗa suna, kuma 'yarta guda ke nan. Jama'a suka taru. Idan ka kai nan, yi yadda na yi: mayar mata da nairarta, ɗauki kajin da kanka, tsayar mata da mota ka biya. Da ta shiga gaba ta ce, "Allah ya shirye ka." Na ce amin. Jama'a ma suka ce amin, da ƙarfin da ya wuce buƙata.

6. Kira shi gyara

Matata Indo ta zuba gero da gyaɗa a taragon, ta sa kwaɗo. Kai ka gaya wa mutane an dakatar da zirga-zirga ne don inganta aiki.

Abin lura: duk asara, kunya ko sunan tsokana da ya biyo bayan wannan shawara, babu ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a ofis, wato taragon, idan Indo ta yarda ta ba ni makulli.