Fuskar da Kyamara Ta Ƙi Ganewa

In ka tambayi Malam Sammani direba, mutumin Kwaciri, zai rantse maka tun da soja suka koma bariki ba a zalunci ɗan ƙasa kamar yadda wata 'yar kyamara ta zalunce shi ba. Abu kamar ƙwayar gyaɗa!

Oga Sylvester, mai shagon taya a Sabon Gari, shi ya liƙa ta a motar kai kaya, saitin fuskar direba. Sammani ya yi hamma, ta yi ƙara. Ya ɗan lumshe ido a cunkoso, ta tura wa Oga hoto a waya.

"Ni za ta sa wa ido?" in ji shi a teburin mai shayi. "Ni da nake tuƙi tun ba a haifi maƙerinta ba? Sai na haukata ta!"

Ya sayo baƙin gilashi. Da yamma Oga ya nuna masa waya: ga idanunsa a rufe ruf, ta cikin gilashin.

"Da wani haske take gani, wanda idon mutum ba ya gani," in ji Oga. "Malam Sammani, ta sake kawo ƙararka, ka ajiye min makulli."

Gogan naka bai daddara ba. Washegari ya rataya hotonsa a gabanta, ido a buɗe tar, don ya yi gyangyaɗinsa a bayan hoto. Amma fa ba na bana ya ɗauko ba. Na samartaka ya zaɓo, gashi baƙi wuluk, kumatu luwai-luwai.

Bai kai tashar jirgin ƙasa ba mota ta mutu. Na'urar ce ta kashe ta, ta kuma sanar da Oga baƙuwar fuska ce a sitiyari. Sai ga shi da 'yan banga.

"Ina ɓarawon? Ina ka ɓoye shi?"

"Wallahi ni ne, Oga! Ga hoton nan!"

Hoto ya zaga hannun 'yan dakon da suka taru kallo. Wani ya dubi hoto, ya dubi Sammani, ya ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. Wannan ko a ɗanka ba ka samu ba."

"Ku duba kunnen!" Sammani ya tuɓe hula, sanƙo ya bayyana, ya miƙa kunne ana gwadawa da na hoto kamar ana cinikin rago.

Can Oga ya nisa. "Na yarda, kai ne. Kawo makulli." Ya ƙara duban hoton. "In kun haɗu da yaron nan, ka ce ya zo gobe. Ina neman direba."