Takalmina a Cocin Ingila

Da kamfaninmu na Jidda ya tura ni kwas Ingila, na tafi da matata. Wata Asabar muka je kasuwar wani ƙaramin gari, ta ce mu leƙa tsohon cocinsu da baƙi ke ta shiga.

A bakin ƙofa na tsaya. "Hajiya, ɗakin ibadar mutane ne. Ba zan shiga da takalmi ba."

Ta ce kowa da nasa a ƙafa. Na ce rashin tarbiyya ne. Na tuɓe sabon takalmina na ajiye kusa da wani kwali, na taka dutse mai sanyin ƙanƙara cikin dattako.

Ashe kwalin na tara wa mabuƙata kaya ne. Muna fitowa na tarar da wata tsohuwa rungume da takalmina. Ta dubi ƙafata, ta hau yi mini godiya har da ƙwalla. Da wane baki zan ce ta ba ni?

Da safa kawai na hau jirgin ƙasa.

Hajiya ba ta riƙe sirri. Har yau in na tuɓe takalmi a masallacin unguwarmu ta Hindawiyya a Jidda, sai wani ya ɗaga ɗaya: "Alhaji, halas, shi ke nan, wannan ma sadaka ce?"