Muzurun da Na Kai wa Surukata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi yi wa surukata gwaninta a Goronyo ba. Lokacin ban daɗe da aure ba, ina neman duk wata hanya da za a ce a gidansu matata, "Malam yaron kirki ne."

Surukata, Inna Hajo, tana da wata kyanwa baƙa mai farin wuya, tana ce mata 'Yar Lele. Tun da mijinta ya rasu, ita ce abokiyar hirarta. Sai kyanwar ta ɓata. Matata ta dawo daga gaisuwa ranta a ɓace, ta ce Inna ko tuwo ba ta ci sosai. Na ce a bar min wannan aikin (ni da sau ɗaya na taɓa ganin kyanwar, shi ma kaina a sunkuye).

Ranar sunan ɗan yayan matata, ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa a Rimawa, sai na hangi baƙar kyanwa mai farin wuya kwance kusa da mai soya kifi. Na sayi kifi na lallaɓa ta, ta zo, na cafke. Ta yakushe ni hannu biyu har da gefen haɓa, amma na tura ta cikin buhun albasa na ɗaure a bayan babur. Ban tambayi kaina yadda tsohuwar kyanwa ta taka tun daga Goronyo har Rimawa ba. Yabon da za a yi min kawai nake lissafi.

Na biya gida na saka farar shaddata, na nufi gidan Inna inda ake sunan. Mai hankali zai tsaya a zaure wurin maza ya aika da buhun ciki. Ni kuwa so nake a gan ni. Na yi sallama na shiga tsakar gida cike da mata, na durƙusa nesa da Inna.

Ta ja mayafi ta ce, "Malam, lahiya? Mi ka ɗauko haka?"

Na ce, "Inna, 'Yar Lele ce Allah Ya haɗa mu."

Mata suka zuba min ido. Na kwance bakin buhun a hankali don kowa ya gani. Dabbar nan ta yi tsalle ta taka ƙirjina, ta dira gefen ƙwaryar fura, ƙwaryar ta kife a cinyata. Ta bi ta kan tabarmar mai jego, mata suna ta janye ƙafa, ta haye katanga ta juya mana baya, wutsiya a sama.

Inna ta daɗe tana kallon katangar. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Malam, an gode. Sai dai tawa macce ta. Wanga kuwa, ai kowa ya gani, muzuru na."

Matata ta shige ɗaki. Ni ina durƙushe, fura tana bin ƙafata. Na ɗauka an gama, sai wata tsohuwa, gwaggon mai jego da ta zo suna daga Rimawa, ta miƙe tana kare ido da hannu.

"Ɗan Baƙi? Wa ya kawo ka nan? Da sahe na bar shi ƙohwar gida yana jiran kan kihi."

Ta kira shi sau ɗaya, ya sauko ya kwanta a cinyarta kamar bai taɓa yakushin kowa ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, tunda kai ka kawo shi, kai za ka maishe mu."

Haka na koma Rimawa da la'asar, gwaggo a baya, muzuru a zaninta, ƙudaje suna bin shaddata. Duk wanda muka wuce sai ta tsayar da ni ta ba shi labari.

'Yar Lele kuwa, bayan 'yan kwanaki ta fito daga ƙarƙashin rumbun Inna da 'ya'yanta a bayanta. Inna ta aiko min da ɗaya, da saƙon cewa mace ce, an duba.

Tun daga ranar, in na ji an yi ɓatan dabba, addu'a nake taya mutane da ita daga inda nake zaune. In kuwa dole sai na taimaka, nakan fara ɗaga wutsiya kafin in ɗaga murya.