Fatalwar da Na Yi wa Gyara

Ni ne alƙalin finafinan fatalwa a majalisarmu ta Sabon Gari. Kowacce aka nuno sai in ce, "Zanen gado ne wannan, ga silifas ɗinta nan." Don haka da abokina Sa'idu ya ce za su ɗauki nasu fim a wani kangon gida a Tsibiri, na riga kowa isa da azahar, in ba su shawara.

Gidan tsit, ko kukan kaza babu. A ƙuryar wani ɗaki mai duhu na ga mace zaune cikin fararen kaya, ta ba ni baya, yatsanta ɗaya na motsi.

"Ke, wanga zama ba shi ba da tsoro," na ce. "Ɗan yi nishi mana."

Sai ga kiran Sa'idu: "Mota ta ƙi tashi, duk muna Maradi. Ba wanda ya taho."

A hankali ta fara juyo da kanta dama.

Ban san yadda na tsallake katanga ba. Ashe tsohuwa ce mai gadin gidan, sallame salla take yi.

Har yau, da liman ya yi sallama, abokaina sai su riƙe mini riga, wai kada in ruga.